Yakuwar da Dinatu Ta Bar Mini

Litinin, 16 ga Yuni, da safe

Jiya muka kai matata Dinatu asibiti, ni da 'yarmu Nanret. Muna fita daga gida ta tsaya a ƙofa riƙe da jakarta, ina tsammanin addu'a za ta ce mu yi. Sai ta ce, "Baban Nanret, yakuwata tana bayan gida kusa da shinge. Ka ba ta ruwa, ka cire ciyawa. Abin da na roƙe ka ke nan."

Shekarunmu talatin da ɗoriya da aure, ba ta ce ka ci abinci ba, ba ta ce ka kula da kanka ba. Yakuwa.

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ɗan manomi take aure.

Makarantar da nake tuƙa bas ɗin yaranta ta shiga hutu, an ajiye mana bas-bas ɗinmu sai Agusta. Ina da lokaci. Lokacin ma ya yi yawa.

Talata, 17 ga Yuni, bayan la'asar

Yau na shiga lambun. Gaskiya rabona da bayan gidan nan tun ranar da aka zo gyaran na'urar sanyi.

Na gane yakuwar nan take. Tana nan jikin shinge, kara ja, ganye manya, ta kai min ƙugu. Tushe uku. Amma Dinatu da duk iya aikinta ta bar wasu ƙananan ciyayi sun cika gabanta, sun yi layi-layi kamar an jera su. Ciyawar ƙasar nan ma tsari gare ta. Na durƙusa na tuge su kaf, na zuba a kwandon shara. Sai wurin ya yi fes.

Na je wurinta da yamma na ba ta rahoto. Ta ce, "Ƙugu? Abin da na shuka farkon watan nan?"

Na ce ƙasar Amerika ce, kuma hannu ya canja.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "To, manomi." An hana ta cin komai daga jibi da dare, saboda tiyatar da za a yi mata ranar Juma'a.

Alhamis, 19 ga Yuni, da rana

Matan zumunta sun zo daga coci, mota biyu. Sun cika firij da shinkafa. Ko wace kula na buɗe, shinkafa. Sun yi waƙa, sun yi addu'a, kowace ta riƙe hannuna ta ce in yi ƙarfi. Na ce musu lafiyata ƙalau, ni ba abin da ke damuna.

Da suka tafi na saya wa yakuwa takin zamani.

Juma'a, 20 ga Yuni, da asuba

Yau ne.

Juma'a, da yamma

Sun ce awa uku. Ba awa uku ba ne.

Kujerun wurin nan wanda ya ƙera su bai taɓa jiran kowa ba. Akwai talabijin a bango ana ta koyar da gyaran kicin. Na kalli an rushe kicin an gina, an sake rushe wani an gina. Nanret ma'aikaciyar jinya ce, ta san ma'anar kowace ƙofa da aka buɗe, saboda haka na daina kallon fuskarta.

Likitan ya fito ya yi magana mai tsawo. Nanret ta fahimta. Ni na ji "mun gode Allah" daga bakinta, shi na riƙe.

Na dawo na ba yakuwa ruwa. Na manta tiyo a buɗe har ƙasar ta zama taɓo.

Lahadi, 22 ga Yuni, bayan coci

Seydou maƙwabcinmu ya leƙo ta shinge. Mutumin Maradi ne, yana jan mota yana ɗaukar fasinja, kuma babu abin da bai sani ba a duniya. Ya tambayi jikin Madam, ya yi mata addu'a, sannan idonsa ya faɗa kan lambu.

Ya ce, "Malam Sylvanus, wannan mene ne?"

Na ce yakuwa.

Ya ce, "Wace yakuwa?"

Na ce yakuwa nawa ce a duniya?

Ya ce, "Wallahi, mon frère, ni a cikin yakuwa aka haife ni. Ganyen yakuwa yatsu gare shi kamar hannu. Wannan kamar kunnen jaki."

Na ce masa ta Nijar ce ke da yatsu saboda ƙishi, ta ƙanƙance. Tamu ta Filato ta sha ruwa ta ƙoshi. Ya ce ina ruwan Filato da shukar da ta fito a Greensboro. Na ce irin daga Pankshin aka kawo shi. Ya ce in tsinka in tauna, in da tsami ya yarda. Na ce ba na tauna ganye ranar Lahadi.

Da ya shiga gida na tsinki kaɗan na tauna. Babu tsami. Wani ɗan zafi-zafi ma ya yi min a harshe, na tofar. Ina ganin takin ne ya yi mata yawa. Tsamin zai zo daga baya.

Laraba, 25 ga Yuni, da yamma

Ba ta cin abinci. Ana kawo tire, ana mayar da tire.

Yakuwa ta kai ƙirji.

Juma'a, 27 ga Yuni, da yamma

Yau ta buɗe ido ta ce, "Da zan samu gwate mai yakuwa, da na sha ko cokali biyu ne."

Wannan ne abu na farko da ta nema tun ranar Juma'ar can. Na kusa rungumar ma'aikaciyar da ke canja mata ruwa. Nanret ta tambaya, an ce in mai ruwa-ruwa ne babu laifi.

Faten acca ne irin na mutanenmu, kuma akwai acca a gida. Akwai gauta a firiza. Yakuwa kuwa, sai dai a ba wasu.

Litinin, 30 ga Yuni, da hantsi

Sai yau hannuna ya iya riƙe biro. Bari in rubuta yadda abin ya faru, domin Seydou ya riga ya fara ba da nasa labarin, kuma yana ƙari.

Ranar Asabar na tashi da wuri na tsinko ganye cike da roba. Na wanke, na yanka, na dafa gwate yadda na ga Dinatu tana yi. Ƙamshi ya cika gida. Tsami bai fito ba, sai na matsa lemon tsami. Na ce bari in ɗanɗana kafin in zuba a kula. Na ɗanɗana. Ya yi daɗi. Mutum ya yi kwana da kwanaki yana cin shinkafar zumunta. Na sha kwano guda. Na ga har yanzu tukunya a cike take, na ƙara.

Na zuba nata a kula na rufe. Na yi wanka, na guge riga, na tsaya kallon labarai kaɗan don lokacin ziyara bai yi ba. Ina ɗaura takalmi na ji cikina ya yi wata magana.

Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Sama da ƙasa, a lokaci guda. Mutum yana da baki ɗaya da wancan ɗaya, bayi kuma ɗaya ne, sai ka zaɓa.

Da rarrafe na kai waya na kira Seydou. Ya shigo ya same ni kwance a ƙofar bayi. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ka tauna?"

Na ce na dafa.

Ya ce, "Innalillahi."

Yana jana zuwa mota sai ga Miss Earline, tsohuwar da ke gidan baya, ta fito ganin hayaniya. A nan East Greensboro aka haife ta, ta yi aikin gidan waya har ta yi ritaya, kuma ita da Dinatu sun saba hira ta kan shinge. Seydou ya nuna mata lambu da hannu. Ta kalli shukar, ta kalle ni, ta kira sunan Yesu. Ta ce wannan pokeweed ne, guba ne tun daga saiwa har 'ya'ya. Ta koma ta sa safar hannu, ta karyo reshe ta jefa a leda, ta shiga gaban mota ba wanda ya gayyace ta.

Duk hanya Seydou yana roƙona in tausaya wa kujerarsa, da ita yake ciyar da iyali. Na yi iya ƙoƙarina. Ƙoƙarin bai isa ba.

Asibitin da Dinatu take, nan suka kai ni. Ita tana sama, ni ina ƙasa, kowa da ruwansa a rataye. Wani matashin likita ya ɗaga ledar Miss Earline ya tambaye ni ko da gangan na ci. Na ce da cokali na ci. Nanret ta sauko da gudu, ta tsaya a kaina. Ta ce, "Daddy. Daddy, why?" Na ce mata da Hausa ake tambayar uba irin wannan tambaya. Ba ta yi dariya ba.

Kwana ɗaya na yi suka sallame ni.

Litinin, da yamma

Kular tana nan kan tebur inda na bar ta, a rufe, da cokalinta a naɗe cikin tsumma.

Na fita da ita bayan gida na zubar. Na daɗe a zaune a kan matakala.

Laraba, 2 ga Yuli, da safe

Mun yi shawara da Nanret ba za a gaya wa Dinatu ba. An ce kada a tayar mata da hankali. Mun ce mura ce ta hana ni zuwa kwana biyu.

Ousseina matar Seydou tana da yakuwa a firiza, ta gaske, mai yatsu. Ita ta dafa gwaten, ni na tsaya a ƙofar kicin ɗinsu ina faɗa mata yadda ake yi, ita kuma tana cewa to tana yin abin da ta ga dama. Na kai. Dinatu ta sha cokali uku.

Ta ce, "Ta lambuna ce?"

Na ce ƙwarai.

Ta ce, "Ta yi tsami mai kyau."

Na ce hannu ne.

A bas ɗina in yaro ya yi ƙarya daga madubi nake gane shi. Allah ya sa ita ba ta da madubi.

Sai da na dawo gida na zauna na yi tunanin ciyayin nan da suka yi layi-layi. Ciyawa ba ta yin layi. Na je na buɗe kwandon shara, ko da yake na san an kwashe tun tuni.

Asabar, 5 ga Yuli, da rana

Miss Earline ta zo ta ba ni darasi ta kan shinge, ni ina tsaye kamar ɗan aji ɗaya.

Ta nuna min yadda ake gane shi: kara santsi, mai ruwa, yana ja kamar an shafa masa zoɓo, in ka karya cikinsa kusan rami ne. Ganye dogo, sumul, babu yatsu babu zarto a gefe. Ta nuna min wasu 'yan fararen furanni da suka fara lilo kamar 'yan kunne, ta ce su ne za su zama 'ya'ya baƙaƙe. Ta ce ba wanda yake shuka shi, tsuntsaye ne manomansa, shi ya sa yake fitowa jikin shinge inda suke sauka. Da sanyi ya mutu har ƙasa, Afrilu na yi ya dawo daga saiwar da ya bari.

Abin da ya ba ni mamaki, ta ce ana ci. Kakarta takan tsinki sababbin tsiro tun suna kamar tsawon tafin hannu, kafin jan ya fito, ta tafasa ta zubar da ruwa, ta sake, ta kuma sakewa, sannan ta soya da ƙwai. Ta ce a zamanin da ba su da komai shi ne ganyen farko da ƙasa take ba su. Ita kanta ta bar ci tun rasuwar kakar, don ba ta yarda da hannun kowa ba, har nata.

Na ce ashe dai ban yi nisa da gaskiya ba, abinci ne.

Ta ce, "Mista Sylvanus, kai tsohon ganye ka ci a ƙarshen Yuni, ka kuma shanye ruwan." Ta ce in sa safar hannu in zan taɓa, kuma in haƙe shi kafin jikarmu 'yar Nanret ta zo ta ga 'ya'yan ta ɗauka inabi ne.

Da yamma na ɗauki shebur. Biyun ƙanana sun fito da ƙyar. Babban kuwa, na haƙa, na haƙa, saiwar tana ƙara kauri kamar doyar Binuwai. Seydou ya zo taimako, wato ya tsaya yana cewa "doucement, doucement," wai a hankali da Faransancinsu. Na danna shebur da dukan nauyina, ƙotar ta karye, na zauna cikin ramin da na haƙa da kaina. Shukar ko motsi ba ta yi ba.

Ousseina ta ba ni irin yakuwa. Na shuka a bokitai na jera a rana. Na yi musu magana da lallami.

Talata, 8 ga Yuli, da yamma

Zazzaɓi. Sun mayar da ita wani ɗaki, inda ake wanke hannu kafin a shiga.

Laraba, 9 ga Yuli

Haka dai.

Alhamis, 10 ga Yuli, da rana

Na sayo sabon shebur. Na kai shi har gindin shukar, na tsaya. Duk haƙar da na yi mata, ganye ɗaya bai yi laushi ba. Ta ma fi ni tsawo yanzu.

Na jingine shebur ɗin. Ba zan sare komai a satin nan ba.

Asabar, 12 ga Yuli, da asuba

Fasto ya zo jiya. Ya karanta, ya yi addu'a. Na ce amin a wuraren da ake cewa amin.

Na wanke mayafinta da ke rataye a bayan ƙofa, ban san dalili ba, ba datti ya yi ba. Yanzu ƙamshin sabulu kawai yake yi. Da ban wanke ba.

Litinin, 14 ga Yuli, da yamma

Ya sauka! Zazzaɓin ya sauka tun safe.

Ina shiga ta ce aski ya kama ni, na yi kama da mahaukacin tasha. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba. Sai ta ce, "Yaya yakuwata?"

Na ce lafiya lau.

"Ta kai ina yanzu?"

Bakina ya riga ni. Na ce ta wuce kaina.

"Ikon Allah. Ta yi fure?"

Na ce ta yi, farare ƙanana, suna lilo.

Ta ce, "Suna lilo." Ta juya fuska bango, kafaɗunta suna rawa. Na tsorata, na ce in kira nas? Ta ɗaga hannu ta ce a'a, ɗinkin ne yake ja.

Na bokiti sun tsiro. Ganye bibbiyu. Da farce za ka auna su.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan coci

An sallame ta, amma gidan Nanret a Sedgefield aka kai ta, don can babu matakala kuma ga mai duba ta. Kowane sati za a riƙa mayar da ita a yi mata ƙarin ruwan maganin ciwon dajin. Ranar da aka yi, ba ta magana. Kwana biyu bayan nan sai ta fara tambaya.

Tambayoyin ne suke so su kashe ni. Reshe nawa? Ƙwari ba su dame ta ba? Na ba Miss Earline ta ɗanɗana? Na ce na ba ta, ta yaba ƙwarai. Ta ce in ɗauko mata hoto. Na ce kyamarar wayata ta lalace. Jikarmu ta karɓi wayar ta ɗauke ni hoto nan take ta nuna wa kakarta. Na ce a waje ne ba ta yi, rana ce ba ta so.

Nanret ta bi ni har mota. Ta ce, "Daddy, your lies are growing faster than that thing." Wai ƙaryata ta fi shukar saurin girma. Na ce ai tare muka fara. Ta ce ita ƙarya ɗaya ta yarda da ita, ba gona guda ba.

Asabar, 26 ga Yuli, da la'asar

Gashinta ya fara zubewa saboda maganin. Ta sa Nanret ta aske sauran. Ta ɗaura ɗankwali ta ce yanzu ni kaɗai ne mai buƙatar aski a gidan nan.

Na je na yi tal-kwabo. Seydou ya gan ni ya ce na yi kama da ƙwan jimina. Bai tambayi dalili ba. Da dare Ousseina ta aiko da dambu.

Juma'a, 8 ga Agusta, da rana

'Ya'yan babbar shukar sun nuna, zangarniya-zangarniya, baƙi wuluk da sheƙi. Tsuntsayen unguwa duka sun samu labari. Akwai ja mai tukku, akwai wani toka-toka mai kwaikwayon kukan kowa, har ƙarar motar Seydou in ya kulle ta. Tun safe suke ci suna faɗa. Miss Earline ta ce su ba ya yi musu komai. Na tsaya ina kallonsu suna haɗiyar abin da ya kusa kai ni lahira, suna waƙa.

Matsalar ita ce abin da ya shiga sai ya fita. Seydou ya wanke motarsa fara, ya shanya farar shaddarsa ta Juma'a a igiya. Wajen sha biyu na ji ihu da Faransanci. Na leƙa. Mota da riga duk sun yi ɗigo-ɗigo launin zoɓo, kamar an yi biki a kansu.

Ya ɗago rigar ya ce, "Malam Sylvanus, dubi yakuwarka ta Filato! Ta ci kujerata, yanzu ta ci rigata. Saura me?"

Na ce ni ban aiki tsuntsu ba. Ya ce ni nake ciyar da su. Ya tafi masallaci da rigar ƙwallo. Na wanke masa motar kafin ya dawo. Rigar dai ta tafi ke nan.

Juma'a, 15 ga Agusta, da yamma

Gobe za ta dawo gida.

Na share ko'ina. Na rabar da sauran shinkafa. Na bokiti sun kai gwiwa, da yatsunsu da tsaminsu, na dasa su a layi daidai inda na tuge na farko. Na kewaye babbar da waya saboda jikarmu. Na yi tunanin rufe ta da tamfol, amma ta fi shinge tsawo, sai ta zama kamar na ɓoye raƙumi.

Na shirya abin da zan ce. Zan ce ta fito ne cikin satin nan.

Asabar, 16 ga Agusta, da yamma

Ko zama ba ta yi ba. Daga mota ta ce a kai ta bayan gida. Na riƙe ta a hannu ɗaya, Nanret a ɗayan. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Miss Earline tana bakin shinge, Seydou ma ya fito wai yana duba tayarsa, a bayan gida, inda babu mota.

Dinatu ta dubi 'yan yakuwar da ke layi. Ta ɗaga kai ta bi babbar da kallo har sama. Tsuntsu ɗaya yana kai yana ci, ko kunya babu.

Na buɗe baki na ce, "Cikin satin nan ne..."

Ta ce, "Baban Nanret, kwano nawa ka sha?"

Na dubi Nanret, ta ɗaga hannuwa ta ce ba ita ba ce. Miss Earline ta ce ita ce. Tun ranar, ina ƙasa ana ƙara min ruwa, ta hau sama ta zauna ta ba ta labari tun daga farko, har da kujerar Seydou.

Na ce biyu.

Ta ce, "Biyu. Abincin marar lafiya." Ta ce shekara shida tana sare abin nan duk Afrilu yana dawowa, ni ban taɓa sani ba don ban san hanyar bayan gidana ba. Ranar da na ce ya kai ƙugu ta ɗauka cika bakina ne na kullum. Da ta san taki nake ba shi, da ta taso da ruwan a hannunta.

Kowa yana dariya, ban da ni. Na ce, to tun da kin sani, me ya sa kika bar ni ina ta zuba, sati shida?

Ta nemi kujera, na kawo mata, ta zauna tana mayar da numfashi. Ta ce, "Duk wanda ya shigo ɗakin nan, fuskarsa kamar ya zo gaisuwar rasuwa. Fasto, matan zumunta, har 'yarka. Kai kaɗai kake shigowa da ƙarya sabuwa fil. Tun safe nake kwance ina shirya tambayar da zan yi maka."

Na shiga ciki wai zan kawo mata ruwa, na daɗe ban fito ba.

Na tambaye ta ko in sare shi gobe. Ta ce a bar wa tsuntsaye su gama, daga tagar ɗaki tana ganinsu. In sanyi ya kashe shi sai a haƙe. Seydou ya ce a rubuta cewa shi bai yarda ba.

Talata, 19 ga Agusta, da la'asar

Mun koma can yau don jin sakamako. Likitan ya juya mana allon kwamfutarsa, ya yi ta nuni da biro. Na dubi fuskar Nanret. Wannan karon na iya dubawa.

Da sauran tafiya, in ji shi. Amma ya yi murmushi, kuma mutumin nan ba mai murmushi ba ne.

A hanyar dawowa Dinatu tana ta kallon titi har muka wuce jami'a. Ina ta satar kallonta. Can ta ce in tsaya a shagon kayan lambu. Na ce me za mu saya, ke da ko tsayuwa ba ki gama iyawa ba? Ta ce alamomi, irin waɗanda ake kafawa a rubuta sunan shuka. Baɗi za ta ƙara kuɓewa da gauta da rama, kuma kowanne sai an kafa masa suna da manyan baƙaƙe.

Na ce baɗi?

Ta ce, "Baɗi mana. Kana tsammanin zan sake barin maka lambuna?"

Na sa sigina na shiga.